Kayan aikin noman furen daliya da inda za ka same su ba tare da ka zubar da kuɗi ba

Tun da na fara shuka daliya a bayan gida nan Jos tambayar da aka fi yi min ita ce wane kaya zan saya kuma a ina. Wasu ma kafin su samu ko da iri ɗaya sun riga sun cika kwali da kayan da suka gani a bidiyon turawa, almakashi kala uku, safar hannu, wasu ƙarafuna da ba su san amfaninsu ba. To ni abin da nake gaya wa kowa shi ne kuɗinka ya tafi ga iri mai lafiya da wuƙa mai kaifi, sauran kuma maƙeri da mai walda da tela da kafinta na unguwarku za su yi maka su, wani lokacin ma fiye da na kanti.

Ga wanda bai san furen ba, daliya asalinta daga tsaunukan Meziko take da ƙasashen tsakiyar Amurka, a 1963 ma Meziko ta ayyana ta a matsayin furen ƙasa. Wani masanin tsirrai a Madrid, Antonio José Cavanilles, shi ya raɗa mata suna a 1791 don tunawa da Anders Dahl ɗan ƙasar Suwidin. Abin da ya sa nake kawo wannan shi ne ka gane halinta, 'yar tudu ce, tana son rana amma ba ta son zafi, tana son dare mai sanyi. Shi ya sa take yi a Jos da muke sama da mita 1,200, da Mambila da ta fi mu tudu. Mutanen Kano da Zariya da Katsina kuma kar ku ce ba rabonku, a Indiya furen hunturu ne, suna dasawa wajen Oktoba da Nuwamba su sha fure Disamba zuwa Fabrairu, kuma haka za ku yi, ku bi sanyin hunturu da ban ruwa, kafin zafin Maris ya shigo kun gama.

Iri tukuna

Daliya tana da saiwa kamar dankalin Hausa, dogo-dogo a cure a gindin kara ɗaya. Nan ne mu 'yan Filato muke yin kuskure saboda mun saba da dankalin turawa na Bokkos da Mangu, wanda ido yake ko'ina a jikinsa, ka yanka gida biyu kowanne ya tsiro. Daliya ba haka take ba sam. Idonta yana can sama ne kawai, a wurin da saiwar ta haɗu da tsohon kara. Saiwa ɗaya mai amfani dole ta haɗa abu uku, jiki da wuya da ɗan guntun kai mai ido. In wuyan ya karye ko an ɓalle ta babu kai, ko ta kai girman doya ba za ta tsiro ba, za ta zauna a ƙasa ta yi jijiya ta ruɓe. Ni kaina an taɓa sayar min da leda guda na irin waɗannan, manya-manya masu kyan gani, na shuka na jira sati shida ko ɗaya bai fito ba, kuma ba na jin mai sayarwar ma ya san abin da ya sayar min, shi ma ya ɗauka kamar dankali ne. Don haka in za ka saya ka riƙe a hannu, ka matsa ka ji tauri, ka duba wuyan bai langaɓe ba, ka nemi idon, ɗan ƙurji ne fari ko ja-ja kamar ƙurajen fuska. Girman saiwa ba shi ne ba, wadda ta kai babban yatsa ma ta isa in dai tana da ido.

Wurin wa za ka saya? Na fi son ƙaramin mai noma wanda zan iya zuwa in ga gonarsa da idona. Masu sayar da furanni a bakin titi a Jos da Abuja da Kaduna wasunsu suna da ita a leda, kuma akwai mata da dattawa da suka daɗe suna da ita a gida tun ba su san sunanta ba, irin waɗannan da suka shekara da shekaru a ƙasarmu sun fi jure yanayinmu fiye da sabon shigowa. Ka je lokacin da take fure don ka ga kalar da kanka, ka duba ganyen uwar. In ka ga ganye da dabbare-dabbaren rawaya, ko ya murɗe, ko shukar ta tsugune ba ta girma kamar 'yan uwanta, ka bar ta ko kyauta aka ba ka, ƙwayar cutar bairos ce kuma ba ta da magani, tana bin saiwa daga shekara zuwa shekara. Haka in ka ga wani kumburi a gindin kamar farin kabeji, ko tsiro da yawa cunkus a wuri ɗaya sun kasa miƙewa, wannan cutar bakteriya ce, tana zama a ƙasa, kar ka bari ta shigo maka gida.

In ta waya za ka saya, ta WhatsApp ko Instagram, ka ce a ɗauko maka bidiyon shukar a gonar ba hoton da aka kwaso a intanet ba, kuma ka fara da kaɗan, uku ko biyar, ka ga amanar mutum kafin ka ƙara. Sannan duk wanda ya tallata maka ƙwayar irin daliya shuɗiya ko mai kalar bakan gizo ka wuce abinka, babu shuɗiyar daliya a duniya, masu kiwon iri sun daɗe suna nema ba su samu ba. Akwai ja, fari, rawaya, ruwan goro, ruwan hoda, shunayya, da ja mai duhu kamar baƙi, amma shuɗi babu.

Maganar ƙwayar iri kuma, ita ce hanya mafi araha ga mai farawa, fakiti ɗaya na Bishop's Children ko Figaro ko Unwin's zai ba ka shuka da yawa kuma a ƙarshen kaka kowacce ta yi maka saiwarta. Sai dai ka sani ƙwaya ba ta maimaita uwarta, daliya tana da jerin ƙwayoyin gado ninki takwas shi ya sa kowace ƙwaya da irin fuskar da take fitowa da ita. In kana son takamaiman iri mai suna, irin su Café au Lait mai faɗin faranti da amare suke so, ko Bishop of Llandaff mai jan fure da ganye mai duhu, ko Kelvin Floodlight rawaya, sai dai saiwa ko reshe.

Masu son shigowa da iri daga waje, a Ingila akwai gidajen reno na iyali irin su Halls of Heddon, a Amurka akwai Swan Island Dahlias a Canby ta jihar Oregon, sai kuma Holan da take cika kasuwannin Turai da saiwa daga Fabrairu zuwa Afrilu. Ƙananan gonakin Amurka yawanci saiwa ɗaɗɗaya suke sayarwa kuma da yawansu ba sa aikawa ƙetare, na Holan kuma a cure suke zuwa a leda. Lokacin Turai ya dace da farkon damina a wurinmu, na Afirka ta Kudu kuma da yake yanayinsu a juye yake wajen Agusta zuwa Oktoba ake samu, ya dace da mai son shukar rani. Amma don Allah kar a cusa a akwati a ɓoye, doka ta ce sai da izinin hukumar NAQS mai kula da shigowar tsirrai da kuma takardar shaidar lafiyar shuka daga ƙasar da aka sayo, kuma dokar tana da dalili, cuta ɗaya in ta shigo ba gonarka kaɗai za ta tsaya ba. Ko da takarda ma, duk sabon iri ni a tukunya nake shuka shi gefe guda kakar farko, sai na ga lafiyarsa yake shiga cikin sauran.

Abin yanka

In abu ɗaya za ka saya mai tsada to almakashin lambu ne. Felco na Suwizalan da ARS na Japan su ne aka sani, suna daɗewa kuma ana samun kayan gyaransu, amma ba dole ba ne, duk almakashin da bakinsa biyu suke wuce juna kamar na tela ya yi, wanda kuma yake danne kara a kan faranti kar ka saya, karan daliya rami ne a ciki kamar bututu, murƙushe shi zai yi. Na raba saiwa kuma kana bukatar siririn baki mai tsini da zai shiga tsakanin wuya da wuya. Ni wurin maƙeri na je na ce ya ƙera min 'yar wuƙa gajera kamar askar wanzami amma mai ɗan kauri, da ƙota ta itace, kuma har yau ita nake amfani da ita, in ta dakushe na mayar masa ya wasa. Ka kai masa saiwar ya gani da idonsa, maƙeranmu in suka ga aikin da za a yi sun fi ka sanin yadda bakin zai kasance.

Abin da ya fi kaifin muhimmanci shi ne tsabta, kuma nan ne mutane suke kasala. Duk lokacin da ka gama da shuka ɗaya za ka koma wata, ko yankan fure ne ko rabon saiwa, ka tsoma bakin a ruwan bilic, Hypo ko Jik, kashi 1 a ruwa kashi 9, ka bar shi kamar minti ɗaya. Da almakashi ake yaɗa cuta daga shuka ɗaya zuwa gona gaba ɗaya. Dabarar ita ce ka samu guda biyu, ɗaya yana cikin gwangwani yana jiƙa kana aiki da ɗaya, sai ka riƙa musanyawa. Bilic yana cin ƙarfe fa, in ka tashi ka wanke da ruwa ka goge ka shafa ɗan man keke, kuma ruwan sabo ake haɗawa kullum don ƙarfinsa yana tafiya.

Turaku da igiya

Daliya doguwa tana kai mita ɗaya da rabi, ga kan fure mai nauyi ga kara mai rami, iskar hadari ɗaya ta Yuli ta isa ta kwantar maka da aikin wata uku. Turke wajibi ne, kuma a kafa shi kafin a sa saiwar a rami ba bayan ta girma ba, in ba haka ba za ka soke saiwar da kanka ba ka sani ba. Gora ita ce mai araha, masu katako suna da ita, matsalarta gara, kaka ɗaya ko biyu ta cinye gindin. In ka ƙona gindin kaɗan a wuta yana ɗan ƙara mata kwana. Wanda ya fi shi ne rodi mai kauri milimita 12, sanda ɗaya kusan mita 12 ce, mai walda ya yanka maka gida shida, ka buga wajen rabin mita a ƙasa saura mita ɗaya da rabi a sama, wannan sai ka gaji da shi. Ka kifa robar lemo a kan kowanne saboda ido, musamman in akwai yara, ai mutum yana sunkuyawa cire ciyawa bai ga tsinin ba.

In shukarka ta wuce ashirin ɗaure ɗaya-ɗaya zai gajiyar da kai, sai ka yi mata shinge, turke a kusurwoyi da kowane mita biyu a gefen kunya, ka zagaye da igiya a tsayin santimita 30, sannan 60, sannan 90 yadda take girma. Igiyar rama ta fi min ta roba don ba ta yanka kara kuma in kaka ta ƙare tana ruɓewa da kanta. Na ɗaure kara a jikin turke kuma babu kamar ƙyallayen da tela yake zubarwa, na atamfa ko na rigar roba mai talewa, ka ce ya tara maka a buhu ka ba shi wani abu, ka ɗaure sako-sako yadda karan zai samu wurin yin kauri.

Tun da muna wurin tela, akwai wani aiki da zai yi maka da turawa suke saya da tsada, 'yan jakunkuna na yadi mai shara-shara da ake sa wa toho kafin ya buɗe don kar fara da ƙwari su ci. Tsohon gidan sauro da aka wanke sosai ko yadin net na mayafi, a yanka a ɗinka kamar santimita 20 faɗi da tsawo da zariya a baki, na manyan furanni a ƙara girma. Farin fure da mai ruwan madara su ƙwari suka fi ɓatawa, kuma mai sayen fure don biki ba zai karɓi wanda aka ɓula ba, to wannan jakar ta fi feshi aiki wallahi, kuma ba ta kashe zuma.

Suna

Wannan ƙaramin abu ne amma shi yake raba mai sana'a da mai wasa. Saiwar daliya duk kama ɗaya suke, da zarar ka tono ba ka da hanyar sanin wacce ce ja wacce ce fara, kuma saiwa mai suna ta fi marar suna daraja nesa ba kusa ba. Maka, wato alƙalamin nan mai kaurin tawada, da ake cewa ba ta gogewa ranar Jos tana cinye ta cikin 'yan makonni. Abin da ya yi min aiki shi ne gwangwanin lemo na alminiyom, a yanka shi falle-falle, a ɗora a kan kwali a danna rubutu da biro, rubutun ya shiga jikin ƙarfen ba ruwan sama ba rana, a huda a ɗaure da waya a turke. Ragowar silin roba da masu aikin gini suke zubarwa shi ma yana yi in ka rubuta da fensir, fensir ba ya kodewa. Bayan ka tono ka wanke ta sha iska, ka rubuta sunan a jikin kowace saiwa da maka, a nan kam tana zama tunda ba rana. Sannan littafi, ka zana gonar ka rubuta me ke ina, ranar shuka, ranar fure na farko, wa ka saya a wurinsa. Na taɓa rasa sunayen layi guda saboda yara sun cire alamun suna wasa, littafin ne ya cece ni.

Ƙasa da taki da ruwa

Fartanya da garma da shebur da baro duk wanda kake da shi ya isa. Ka yi kunya mai tudu kamar ta dankali saboda ruwan Yuli da Agusta, abin da ya fi kashe daliya a wurinmu ruɓewa ne ba ƙishi ba. Rami santimita 10 zuwa 15, ka kwantar da saiwar ido yana kallon sama kusa da turke, tazara santimita 45 zuwa 60, kuma in ƙasar da ɗan damshi kar ka ba da ruwa sai ka ga tsiro ya fito, saiwar da ba ta yi jijiya ba ba ta shan ruwa, zama kawai za ta yi a ciki ta lalace.

Taki, Allah ya hore mana gidajen kaji a Jos, amma kashin kaji ɗanye wuta ne, ka saya da wuri ka tara shi da ɓuntun shinkafa da busasshen ganye ya yi wata uku zuwa huɗu yana ruɓewa kana juyawa, sai ya daina wari ya yi baƙi. Na shanu da ya kwana biyu ya fi sanyi. Yuriya kuma ka nisanta ta da daliya, za ta ba ka ganye kore shar da dogon kara mai laushi, fure kaɗan, saiwar kuma ba ta ajiyuwa. In NPK 15-15-15 kawai kake samu ka sa kaɗan da farko shi kenan, daga baya abin da take so shi ne mai ƙarancin lambar farko, wato naitirojin, sinadarin da yake cikin yuriya, garin ƙashi da 'yar toka kaɗan suna taimakawa. Tana son ƙasa mai awon tsami wajen 6.5 zuwa 7, ƙasarmu ta Filato kuma sau da yawa tana da tsami, to 'yar takardar gwaji da ake samu a shagon kayan gona ko na kayan dakin gwaje-gwaje tana da amfani kafin ka fara zuba abubuwa da ka.

Ban ruwa a gindi ake yi ba a kan ganye ba, in ba haka ba cutar farar hoda ta kama ganyen. Masu noman rani a bakin tsofaffin kududdufan kuza sun san aikin, tiyo ko buta mai rariya ya wadatar, mai hali ya sa tiyon ɗigo, masu sayar da kayan noman tumatir da tattasai suna da shi kuma suna yankawa da mita. Sau biyu ko uku a sati mai ratsa ƙasa ya fi yayyafi kullum. Ka rufe gindin da ciyawa busasshiya bayan ta yi tsayi don ƙasar ta yi sanyi. A wuri mai zafi kuma inuwar yamma tana da muhimmanci, ragar inuwa mai kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, ko ka sa masu saƙar zana su yi maka mai faɗin ido ka kafa ta ɓangaren yamma. Ragar tana rage ɓarnar ƙanƙara ma, mu nan mun san abin da take yi wa ganye cikin minti biyar.

Injin feshi na goyo ka ware na fure daban, wanda aka taɓa zuba maganin ciyawa a ciki ko an wanke kar ya kusanci daliya. Darɓa da ƙananan ƙwarin da suke tsotsar ganye su ne masu ɗaukar bairos, ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa kwana ɗaya da ɗan sabulu yana rage su, a fesa da yamma. Katantanwa da damina tana cinye sabon tsiro cikin dare ɗaya, tocila da bokiti bayan isha'i shi ne maganinta. Awaki kuma sai katanga.

Ƙwan sola

Wannan ba kowa ya sani ba. Daliya tana auna tsawon yini, in yini ya gaza awa 12 sai ta ɗauka kaka ta ƙare ta mayar da ƙarfinta ga yin saiwa, in ya kai awa 14 sai ta yi ta girma. A Turai da bazara yini yana kai awa 16, mu kuma nan duk shekara tsakanin awa 11 da rabi ne zuwa 12 da rabi da 'yan mintuna. Shi ya sa irin da ka gani a hoto ya kai kafaɗa a wurinka sai ya tsaya a gwiwa ya yi fure da wuri ya gaji. Maganin ƙwan sola ne irin na masu shayi, ka rataya sama da shukar ka kunna daga magariba awa biyu zuwa uku a makonni shida na farko, ba haske mai ƙarfi take bukata ba. In ta yi jiki sai ka daina. Haɗe da wannan, in ta kai santimita 30 ka tsinke kan karan tsakiya ka bar ganye jeri uku ko huɗu a ƙasa, da ciwo a zuciya amma shi yake sa ta yi rassa da yawa.

Hasken nan ya fi amfani ga mai yin dashe da reshe, kuma ita ce hanyar da za ka mayar da saiwa ɗaya mai tsada ta zama shuka biyar ko fiye. Ka sa saiwar a tire da kanta a waje, tsiro ya kai santimita 7 ko 8 ka yanke da reza sabuwa, ka soka a ledar fiya wata da aka huda aka cika da yashi mai tsabta da ɓuntun shinkafa da aka babbaka, ka ajiye a inuwa mai haske ka rufe da farar leda, sati biyu zuwa uku ya yi jijiya.

Tono da ajiya

A Turai sanyi ne yake kashe shukar su san lokaci ya yi, mu ba mu da wannan, sai ka lura da kanka, bayan wata huɗu zuwa biyar in ta gaji ganye ya fara rawaya ka rage ruwa, ka sare karan ka bar kamar taƙi ɗaya, ka kifa gwangwani a kai don kar ruwa ya shiga ramin, ka bar ta sati ɗaya zuwa biyu idanun su kumbura su fito fili. Kar ka tona da fartanya, sara ɗaya ka raba saiwa biyu. Abin da ake so shi ne babban cokali mai yatsu huɗu na tono, in babu a kasuwa mai walda zai haɗa maka da rodi da bututun ƙarfe. Ka soka santimita 30 nesa da karan, ka zagaye ta ko'ina kana ɗagawa a hankali, ka tallafo da hannu biyu daga ƙasa, kar ka ja ta kara, wuyan nan da na yi ta magana a nan yake karyewa.

Ajiya ita ce wahalarmu ta gaske. Littattafai suna cewa digiri 4 zuwa 10 da ɗan damshi, mu kuma iskar hunturu tana busar da ita ta yamushe kamar kaɗanya, zafi kuma ya sa ta tsiro ba lokaci ba. Abin da nake yi shi ne in je wurin kafinta in karɓo aske-asken katako masu laushi, ba garin zarto ba don shi yana tsotse ruwan jikinta, in shimfiɗa a kwali ko kwandon roba, saiwa jeri ɗaya ba sa taɓa juna, in rufe in ƙara wani jerin, in ajiye a ɗaki mafi sanyi a ƙasa nesa da bango mai shan rana. Duk sati biyu in buɗe, wadda ta yi laushi in cire, in sun fara yamushewa in yayyafa ruwa kaɗan a kan katakon ba a kansu ba. Randa cikin randa da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu kyautar Rolex a 2000, tana aiki sosai lokacin da iska ta bushe, masu ginin tukwane za su yi maka biyu masu shiga juna, sai dai cikin ta ciki ya zama a bushe kuma ka riƙa buɗewa tana shan iska. Firiza kam a'a, in ta daskare ta mutu, firji ma da ɗauke wuta da kawowa gumi yake sa ta. Kuma kar ka daɗe, wata biyu zuwa uku ka mayar da ita ƙasa, tunda muna iya shuka sau biyu a shekara ba sai mun jira wata shida irin na turawa ba.

In sayarwa za ka yi

Bokitai masu tsabta da ba a wanki da su, guda biyar ko shida, ka wanke da bilic kamar yadda za ka iya shan ruwa a ciki. Yanka da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, kuma furen ya buɗe kusan kashi uku cikin huɗu don daliya ba ta ƙara buɗewa bayan an yanke ta, ka juya bayansa ka duba, in ganyen furen na baya ya fara laushi ya wuce. Kara mai tsawo, santimita 40 zuwa 50, ko da za ka haɗa da wasu toho, hakan yana sa sabbin rassa su fito dogaye. Ka zage ganyen ƙasa ka tsoma nan take, su huta a wuri mai sanyi awa biyu ko uku kafin tafiya. Kwana uku zuwa biyar take yi a ruwa, ba ta jure doguwar tafiya a kwali kamar wardin da ake kawowa daga Kenya da Habasha, kuma wannan ne ya bar wa ƙaramin manomi na kusa kasuwar, masu kwalliyar wurin biki a Abuja ba su da inda za su samu sabuwa sai wurin wanda zai yanka da asuba ya sa a mota. Ka sa kafinta ya yi maka akwatin katako mai ramuka daidai gindin bokiti don kar su kife a hanya, ruwan kuma kwata kawai ba cikawa ba, sannan ka yi magana da direba ɗaya da za ka riƙa ba shi kullum ya sa maka su a cikin mota inda ba rana, ba a but ba.